Ƙyallen maikurofaiba ya daina shan ruwa, yana barin shata a madubi: ina matsalar take?

Tambaya: Wata 'yar'uwa ta sayi ƙyallayen goge-goge na maikurofaiba guda shida. A makon farko sun yi mata aiki yadda ranta ke so, amma bayan wanki uku zuwa huɗu sai suka daina shan ruwa, suka koma barin shata a madubi da gilashin tebur, ɗaya ma ya fara wari. Tana tambaya ko jabu aka sayar mata, da kuma yadda ya kamata a yi amfani da su a falo, kicin da banɗaki, musamman da hunturu.

Amsa: 'Yar'uwa, tunda a makon farko sun yi aiki, da wuya a ce jabu ne. Ƙyalle maras kyau tun ranar farko yake nuna halinsa. Abin da na fi zato shi ne wanki ne ya toshe miki su, kuma in dai ba zafi ne ya taɓa zaren ba, in sha Allahu za su dawo. Bari in fara da yadda zaren yake, domin duk ƙa'idojin da za su biyo baya daga nan suka samo asali.

Maikurofaiba ba auduga ba ne, zaren roba ne da ake yi a masana'anta. Ma'aunin da masaƙu ke auna kaurin zare da shi sunansa deniya, wato nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a giram. Zaren da bai kai deniya 1 ba shi ake sawa a wannan aji. Kaurin sili ɗaya bai kai maikuromita 10 ba (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali silin gashin kai yakan kai 50 zuwa 100. A Japan aka yi fice wajen sarrafa irin wannan zare, a kamfanin Toray, inda Miyoshi Okamoto ya yi fatar roba mai laushi da shi a 1970. Sai a shekarun 1990 ya bazu a Turai a matsayin ƙyallen goge-goge.

Siranta kaɗai ba ta isa ba. A ƙyalle na ƙwarai roba iri biyu ake haɗawa cikin sili ɗaya, foliyesta da nailan, wanda a 'yar takardar da ke jikin ƙyallen za ki ga an rubuta polyamide. Yawanci kashi 80 da 20 ne, ko 70 da 30. Bayan an saƙa sai a bi da shi ta ruwan sinadari da zai tsattsaga kowane sili. Da za ki yanka silin ki duba a madubin likita, kamar lemon zaƙi ne da aka raba biyu: ɓangarori masu kaifin gefe, sau da yawa 16, da 'yan ramuka a tsakaninsu. Gefunan ne ke kankaro dauɗa, ramukan kuma su zuƙe ta su riƙe tare da ruwa. Foliyestan na kama maiƙo, nailan ɗin na shan ruwa. In ƙyallen a bushe yake, gogawar da ake yi tana tara masa 'yar lantarki da ke janyo ƙura. Ita ce dai ke sa rigar roba manne wa jiki da hunturu. Tsumman atamfa ko na tsohuwar singileti ba shi da waɗannan gefuna, shi ya sa rabin aikinsa tura dauɗa ne daga nan zuwa can.

To, duk abin da ya cike waɗannan ramuka ya kashe ƙyallen. Babban mai laifi a gidajenmu shi ne sabulun sanda. Da mai ake yin sa, kuma in ya haɗu da ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi, irin wanda ba ya kumfa da wuri, sai ya daskare ya zama wani farin kitse-kitse da ba ya narkewa a ruwa. Shi ne kike gani ya yi zobe a jikin bokiti bayan wanki. A jikin atamfa ba wani abu ba ne, amma a maikurofaiba cikin ramukan yake shiga ya zauna, gobe in kika ɗora ƙyallen a madubi sai ya shafe shi da shi. Shatar da kike gani ke nan. Na biyu shi ne ruwan tausasa kaya mai ƙamshi da ake zubawa a ɗaurayar ƙarshe. Aikinsa kenan ya lulluɓe kowane sili da santsi, kuma silin da aka lulluɓe ba ya kankara ba ya shan ruwa. Sitati ma haka. Sai wanke su tare da tawul ko wani kayan auduga: ƙyallen da aka yi don ya kama burbushi zai kwashe burbushin tawul ɗin ne kaf, daga baya ya zube miki shi a kan gilashi. Sai zafi, wato guga, tafasawa a tukunya a kan wuta, ko busarwa a inji da zafi mai yawa. Sai bilic, wanda ke cin nailan a hankali har zaren ya rube. Saboda haka kada ki kuskura ki haɗa su cikin kayan da ake ba mai wanki da guga, don a can sabulun sanda, sitati da dutsen guga duk suna jiran su.

Ga yadda za ki farfaɗo da naki. Ki tafasa ruwa lita 2 da rabi, ki haɗa da ruwan famfo lita 2 da rabi a roba mai tsabta. Wannan haɗin zai ba ki zafin da ke kusa da digiri 60, wanda ya isa ya narkar da maiƙo bai kuma kai ya cutar da zaren ba. Ki zuba cokalin shayi ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanuka, ki tsoma ƙyallayen ki bar su awa ɗaya. Sai ki cuɗa su da hannu, ki yi ta ɗauraya har ruwan ya daina kumfa kwata-kwata, ko da sau huɗu ne. Daga nan ki jiƙa su minti 15 a ruwa lita 5 da aka zuba wa rabin kofin shayi na farin ruwan khal, shi zai narkar da ragowar sabulun da zartsi ya daskarar. Ki ɗauraye sau ɗaya, ki matse, ki shanya. In sun bushe ki zuba ruwa cokali ɗaya a kan tebur, ki ɗora ƙyallen a kai kada ki danna. Lafiyayye nan take zai zuƙe. In ruwan ya tsaya ƙwaya-ƙwaya a jikinsa, ki maimaita jiƙon sau ɗaya. In kuwa kika shafa kika ji saman ya yi tauri yana ɗan ƙyalli, to zafi ya narkar da bakin zaren, wannan kam ba shi da magani, sai dai ya koma na goge ƙasa.

Mai warin ki ware shi, ki yi masa nasa jiƙon shi kaɗai. Wari alama ce ƙwayoyin cuta sun samu danshi da ragowar abinci sun hayayyafa, kuma kusan kullum daga barin ƙyalle ne a dunƙule a gefen wajen wanke-wanke ya kwana.

In za ki ƙara saye, kada ki bi kyan launi ko laushin da kike ji ta cikin leda. Ki fara duba takardar jikinsa. In an rubuta foliyesta kashi 100, mafi yawa ba a tsaga zaren ba; zai ɗauki ƙura amma ba zai sha ruwan kirki ba. Sai ki nemi harufan GSM, wato nauyin murabba'in mita ɗaya na yadin a giram. Daga 200 zuwa 250 siriri ne, 300 zuwa 350 shi ne na aikin gida na yau da kullum, 400 zuwa sama kuma mai kauri ne da masu wankin mota suka fi so, a gida ya cika jinkirin bushewa. Rubutu na iya yin ƙarya, sikeli ba ya yi. Ƙyalle mai faɗin santimita 40 da tsawon 40 mai GSM 300 giram 48 ya kamata ya yi, ke nan guda goma su kusa rabin kilo. In kika ɗora fakitin goma a sikelin mai kanti ya tsaya a giram 250, kin san me kika riƙe. Ki shafa shi a bayan hannu ko a kan yatsu: wanda aka tsaga zarensa yana ɗan kama busasshiyar fata, wasu ma ba sa son jin haka, amma alamar alheri ce. Ki ɗaga shi a haske, in kina hango komai ta cikinsa saƙar ta yi sakwa-sakwa. Ki kuma taɓa ɗinkin gefe, domin sau da yawa ba ƙyallen ke kartar allon talabijin ba, zaren ɗinkin ne mai tauri ko takardar da aka manna. Ki yanke takardar da almakashi tun farko. Sabon ƙyalle a wanke shi kafin a fara aiki da shi, masu duhun launi daban, don masu araha kan zubar da rini.

Saƙarsu iri-iri ce, kuma ba kowace ke yin kowane aiki ba. Mai gashi-gashi irin na tawul shi ne na ƙura da teburi da kanta. Mai 'yan ramuka murabba'i ya fi kowanne busar da ruwa, a jikin tayil ko kwanuka. Mai santsi maras gashi kuwa na madubi ne, gilashi da allon waya. Mai goge madubi da mai gashi kaɗai tana wahalar da kanta ne.

Yanzu aikin kansa. Kuskure na farko dunƙule ƙyallen a hannu. Ki ninke shi biyu, ki sake ninkewa biyu, ya zama daidai tafin hannu. Hakan ya ba ki fuska takwas: huɗu a waje ɗaya in kina juyawa kina warwarewa, huɗu a ɗaya wajen. Ki shimfiɗa tafinki a kai, ki goge wuri, da kin ga fuskar ta yi datti ki juya. In takwas ɗin suka ƙare ki ajiye shi a robar wanki ki ɗauki wani. Wannan dabi'ar ta tsoma ƙyalle ɗaya a bokiti ɗaya tun daga falo har ɗakin kwana ita ke sa a gama aiki gida na warin tsumma, domin daga tsomawa ta biyu ruwan bokitin ya riga ya zama ruwan dauɗa.

Kuskure na biyu yawan ruwa. In ramukan zaren sun cika da ruwa, ina dauɗa za ta shiga? Ki jiƙa ki matse sosai har ba ɗigo ko ɗaya. Ma'aunin shi ne, wurin da kika goge ya bushe da kansa cikin ƙasa da minti ɗaya. Wata hanya da ta fi sauƙi, ki sa ruwa a kwalbar feshi ki fesa wa ƙyallen sau uku ko huɗu. Gogewar kuma kada ta zama zagaye-zagaye, don mai zagaye tana dawo da datti inda ta riga ta goge. Ki fara daga can ƙarshen teburin, ki ja zuwa dama, ki sauko kaɗan ki dawo hagu, kowane layi ya ɗan hau kan na baya, har ki iso bakin da ke gabanki. A ɗaki a fara daga sama: fanka a kashe, a naɗe fiffikenta da ƙyalle mai danshi a jawo zuwa waje, sai saman wadrob, sai tagogi, sai teburi, ƙasa ce ƙarshe.

Ƙurar hunturu tana buƙatar magana ta musamman. Kaso mai yawa nata iska ke ɗaukowa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi da sauran sassan Sahara, kuma a cikinta akwai burbushin yashi wanda ya fi gilashi tauri. Wannan ne ya sa gilashin tebur da allon talabijin a gidaje da yawa suke da 'yan layuka sirara da ba a san lokacin da suka samu ba. Ba laifin ƙyalle ba ne, yashin da aka danna aka ja ne. In ƙurar kaɗan ce, ta kwana ɗaya, busasshen ƙyalle mai gashi ya isa, a ja shi a hankali ba dannawa. In ta yi kauri har yatsa na barin shaida, to bugu biyu za a yi: na farko da mai ɗan danshi, a ɗora a ja sau ɗaya a juya fuska, manufar a ɗauke yashin ne kawai, na biyu da sabuwar fuska shi ne gogewar gaske. Kaɗe ƙura da tsumma kuwa ɓata lokaci ne, tashi take ta shiga hanci da ƙirjin yara, bayan awa ɗaya ta sake sauka inda ta taso. Ragar taga a riƙa bin ta da jiƙaƙƙen ƙyalle duk mako, ciki da waje, domin ta nan ƙura da yawa ke shigowa ɗaki.

Madubi da gilashi ƙyalle biyu suke so: mai danshi ya wanke, busasshe mai santsi ya bi baya nan take kafin ruwan ya bushe. In da tsabtataccen ƙyalle kika yi amma shata ta ƙi tafiya, ki duba abu uku. Ko ruwanki mai zartsi ne, gishirinsa ke saura in ya bushe. A nan ki yi amfani da ruwan sama da aka tace, ko ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki in an tara shi a mazubi mai tsabta, don ba shi da gishirin ƙasa, amma fa na goge-goge ne kawai ba na sha ba. Ko kina goge taga rana na dukan ta, ruwan na bushewa kafin ki bi shi. Ko kuma akwai maiƙo a kan gilashin. A gidan da ake yawan turaren wuta, hayaƙin na barin wani siririn maiƙo a madubi da talabijin da gilashin kabad, ruwa zalla ba ya fitar da shi, shafe shi kawai yake yi. Ki ɗiga sabulun wanke kwanuka ɗigo biyu ko uku a ruwan ɗumi lita 1, ki goge da shi, ki bi da ruwa zalla, sannan busasshe. Kada ki bar ruwa ya gangara ya kwanta a gefen madubi na ƙasa, shi ke shiga bayansa ya ci fentin azurfar, baƙin tabon nan na gefe ya fito.

Allon talabijin da na kwamfuta a kashe su, a bari su huce. Ba a fesa musu komai kai tsaye, ƙyallen ake fesa wa kaɗan. Ruwan goge gilashi na kanti kada ya kusance su, wasu na ɗauke da amoniya da ke cin rufin da ke hana allon ƙyalli. Kamfanin Apple ya amince a goge fuskar wayoyinsa a hankali da alkohol na isofurofil mai ƙarfin kashi 70, amma wannan ba izini ba ne ga kowace talabijin, sai an duba littafinta. Tabarau a fara ɗauraye shi a ruwa kafin ƙyalle ya taɓa shi. Farantin sola ma haka: da sassafe tun bai yi zafi ba, a kwarara ruwa ya tafi da yashi, sannan a bi da ƙyalle mai laushi.

Kicin shi ne inda ƙyallaye suka fi mutuwa, saboda mai. Maikurofaiba na son maiƙo, in ya kama kuma sakinsa da wuya. In man gyaɗa ko manja ya zube, ki fara ɗauke shi da takarda ko tsohon tsumman da za ki yar, ragowar ce ta ƙyalle. Ki yi ruwan ɗumi lita 1 da cokalin shayi ɗaya na sabulun wanke kwanuka, ki goge, ki bi da wani ƙyallen mai ruwa zalla. Maiƙon da ya daɗe ya yi danƙo a tayil ɗin bayan murhun gas ba ƙarfi yake so ba, lokaci yake so: ki shimfiɗa masa jiƙaƙƙen ƙyalle mai ɗumi minti 5 ya yi laushi. Manja zai bar ja a jikin ƙyallen ko an wanke, wannan launi ne kawai, in dai yana shan ruwa lafiyarsa lau. Kada ki goge kan murhu, risho ko gindin tukunya da zafinsu. Roba ce, za ta narke ta manne. Firji da wajen wanke-wanke na ƙarfen silba suna da 'yan layuka in kika duba da kyau, ki bi tsawonsu kada ki gitta. Kantar dutsen mabul da daɓen tarazo kuwa kada ruwan khal ko lemon tsami ya taɓa su, tsami na cin su ya disashe ƙyallinsu.

Akwai abin da nake so ki riƙe da kyau, don masu talla na wuce gona da iri a kansa. Maikurofaiba yana kwashe ƙwayoyin cuta da yawa daga kan abu, amma ba ya kashe su. Suna nan a jikin ƙyallen da ransu. Wanda ya goge inda aka yanka ɗanyar kaza, aikinsa ya ƙare a ranar, sai wanki. Wurin kuma bayan an wanke shi da sabulu sai an bi shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari don goge irin waɗannan wurare. Ki duba jikin robar bilic ɗinki, irin su Hypo ko Jik: in an rubuta 3.5%, mililita 30 ne, kusan cokalin cin abinci biyu, a ruwa lita 1. In 5% ne, mililita 20. A bar wurin a jiƙe aƙalla minti ɗaya, inda abinci zai taɓa a ɗauraye da ruwa. A haɗa sabo kullum, don yana rasa ƙarfi in ya kwana. Tunda bilic na cin nailan, ki ware masa tsumman auduga ko tsohon ƙyalle da kika riga kika haƙura da shi. Kuma har abada kada bilic ya haɗu da ruwan khal ko ruwan wanke masai mai tsami, iskar kulorin ke tashi, tana iya shaƙe mutum a rufaffen banɗaki.

In kika ga kashin ɓera a kanta ko cikin kabad ɗin abinci, kada ki bi shi da busasshen ƙyalle ko tsintsiya. Ta fitsari da kashin ɓera zazzaɓin Lassa ke kama mutane, kuma da rani ya fi yawa. Ki sa safar hannu, ki jiƙa wurin da bilic mai ƙarfin kashi 0.5, wato awo 1 na mai 3.5% a awo 6 na ruwa, ki bar shi minti 5, ki kwashe da takarda ki ƙulle a leda ki yar.

Shi ya sa rabon launi ba ado ba ne. Asibitocin Ingila na da tsari ɗaya da kowa ke bi: ja na banɗaki, shuɗi na ɗakuna da ofisoshi, kore na wajen abinci, rawaya na ɗakin da aka keɓe mai cuta mai yaɗuwa. Ki ɗauki ukun farko a gida, rawayan ki ajiye don ranar da wani ba shi da lafiya. In naki duk launi ɗaya ne, ki ɗinka wa kowane kusurwa zare mai launi. Ki nuna wa yara da mai taya ki aiki, kuma jajayen su kasance da robar wankinsu da wajen shanyarsu. Guda shida sun yi kaɗan ga gida mai ɗaki uku in ana so a riƙa canzawa yadda ya kamata. A ganina 12 zuwa 15 ne daidai: biyar na kicin, huɗu na ɗakuna, uku na banɗaki, biyu masu santsi na gilashi.

A banɗaki, farin tabon da ruwa ke bari a kan famfo da tayil gishirin ruwa ne. Ki haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ki jiƙa ƙyalle ki naɗe kan famfon minti 10, ki goge, ki ɗauraye, ki busar. Wanda ya saba bin famfo da busasshen ƙyalle bayan wanka ba zai ma ga tabon ba. Tsarin gogewa daga mai tsabta ne zuwa mai datti: madubi, wajen wanke hannu, hannun ƙofa, murfin tankin masai, mazauni a ƙarshe.

Kayan katako danshi kaɗan suke so, a bi da busasshe. Wadrob da kabad na zamani da aka yi da matsattsen garin katako in ruwa ya shiga gefensu kumbura suke, ba sa komawa. Kujerar fata ko ta leda ma ƙyalle mai ɗan danshi ya ishe ta. A ƙasa, in kina da abin goge tayil mai shimfiɗaɗɗen kai na maikurofaiba, ki share tukuna, ki kuma rage turaren da ake zuba wa ruwan goge ƙasa. Mai maiƙo a cikinsa yana barin tayil da danƙo, ƙura ta manne, sawun ƙafa ya fito, ya kuma toshe zaren yadda ruwan tausasa kaya ke yi.

Wankinsu na yau da kullum ba shi da wuya. Da kin gama aiki ki ɗauraye ƙyalle a ruwa, ki matse, ki baza shi ya sha iska, ko da ba a ranar za ki wanke ba. Na kicin kullum ake wanke su. A ruwan ɗumi lita 5, cokalin shayi ɗaya zuwa biyu na sabulun ruwa ya ishi ƙyalle goma. In omo kike da shi, ki narkar da shi sarai kafin ki tsoma su, don garin da bai narke ba yana maƙalewa ya karci gilashi. A cuɗa da hannu, ba buroshi, ba bugawa a kan dutse. A injin wanki su kaɗai za a sa, a digiri 40 zuwa 60, da rabin sabulun da aka saba, a ƙara ɗauraya ɗaya. Shanya a igiya ce, ba a kan katanga ko ciyawa ba. In ƙarangiya ko tsakuwa ta shiga gashinsa, fitar da ita aiki ne, wadda ta ɓuya kuma ita za ta ja layi a kan firjinki. Ƙyallen da ya faɗi ƙasa a tsakar gida kada ya koma kan gilashi sai an wanke shi. Da hunturu a cikin ɗaki za ki shanya, suna bushewa da wuri, in kika kai su waje ƙurar da kika wanke ce za su sake kwasowa. In sun bushe a ninke a sa a roba mai murfi.

Ƙyalle mai kyau da aka kula da shi yana jure wanki da yawa ƙwarai, amma yana tsufa. Alamarsa gashin ya kwanta, ya daina kama fata in an shafa, ruwa ya fara jinkirin shiga ko bayan jiƙon khal. Ba sai an yar da shi nan take ba, sauke masa muƙami ake yi: na ɗakuna ya koma na ƙasa da bakin taga, daga nan ya koma na takalma ko babur. Na banɗaki kaɗai ne ba ya komawa ko'ina. Kowane wanki yana sakin 'yan burbushin roba da ido ba ya gani a cikin ruwa, don haka kada a zubar da ruwan wankinsu kusa da bakin rijiya ko a kududdufin da dabbobi ke sha. Wanda ya gama ƙarewa a sa shi cikin shara, kada a jefa a murhu, hayaƙin roba ne.